Yadda za ka binciko asalin kakanninka idan a Legas aka haife ka

Abin da ya jefa ni cikin wannan bincike ba wani abin a zo a gani ba ne, takardar shaidar ƙaramar hukuma ce kawai. Ɗan yayana ya gama sakandare a nan Agege zai cike fom, aka ce sai ya kawo takardar asali, toh shi dai a Agege aka haife shi, ubansa ma a Agege, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, amma a nan an ce masa shi ba ɗan jiha ba ne ya tafi Arewa. Muka haɗa masa kuɗin mota ya tafi, a can ofishin aka ce wane ƙauye, waye mai unguwarku, ɗan gidan wa ne kai, yaro ya tsaya yana raba ido, ya kira ubansa a waya, uban ya kira ni, ni kuma wallahi iya abin da na sani shi ne "mu Kanawa ne". Kano kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta. Ranar na ji kunya ba kaɗan ba.

Yau sama da shekara biyu ke nan ina abu ɗaya, ta wajen uba na kai har kakan kakana, ta wajen uwa kuma ina nan ina lallaɓawa. Kuskuren da na fara tafkawa shi ne na ɗauka a intanet zan samu, na kwana ina buga sunan kakana a Google ina ƙona data a banza. Kar ka wahalar da kanka. Tarihin talakan Bahaushe ba a kwamfuta yake ba, yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuma kullum raguwa suke.

Saboda haka ka fara da su, kuma ka fara da mata. Na san wani zai ce ai dattawa maza su ne suka san nasaba, eh sun sani, amma namiji layi ɗaya zai ja maka, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, ya ƙara maka da cewa asalinmu malamai ne ko sharifai ne, shikenan ya gama. Mace kuwa ita ta kai lefe, ita ta yi zaman jego, ita ta san wacce aka saka da wacce ta yi yaji ba ta dawo ba, ta san yaron da kake ce wa baffa ashe ɗan riƙo ne, ta san wa ya shayar da wa. Ka ɗauki biro ka rubuta sunan duk wani tsoho da tsohuwa da suka rage a danginku, na Agege, na Idi-Araba, na Mile 12, na Shagamu, na Sabon Ibadan, har na gida Arewa, sannan ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya, ba wanda ya fi kusa da gidanka ba. Ni akwai ƙanwar kakana a Idi-Araba, kullum sai in ce sati mai zuwa, yau gosulo gobe ruwan sama jibi kasuwa, har aka bugo min waya cikin azumi aka ce ta cika. Ita kaɗai ce ta rage wadda ta ga mahaifiyar kakana da idonta. Allah ya jiƙanta, har yau abin na cina.

Yadda za ka yi tambayar ma sai ka iya. In ka je ka zauna ka ce "Hajiya ba ni tarihin gidanmu" za ta ce maka ita me ta sani, ka je wajen maza. Ni da na je wajen amaryar kakana, wadda ita kaɗai ta rage cikin matansa, bayan la'asar na je da goro da turare da ɗan sabulu, ta ganni ta ce ga mijin nan nawa da ba ya cefane, na ce ai yau na kawo, muka taɓa wasan jika da kaka tukuna. Sai na ce mata Hajiya wai ranar da aka kawo ki gidan nan a me aka kawo ki? Nan take baki ya buɗe. A jirgin ƙasa, ita da gwaggonta da wata ƙawarta, kwana biyu suna hanya, ta faɗi tashar da suka hau, ta faɗi wanda ya yi mata waliyyi, ta faɗi gidan da aka sauke su kafin a kai ta ɗakinta, ta faɗi kishiyoyin da ta tarar da 'ya'yan kowacce. Tambaya ɗaya ta ba ni sunaye goma sha. Irin tambayoyin da ke buɗe baki ke nan, wa ya yi miki kayan ɗaki, a gidan wa kika yi goyon ciki, in an yi rasuwa a Arewa wa ake aikawa ya je gaisuwa, waɗanne baƙi ne in sun zo daga gida a nan suke sauka. Ka nemi izini ka kunna rikodin a wayarka, ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kar kira ya katse maka, ka ajiye ta gefe ka manta da ita. Kar ka katse ta ko ta saki hanya ta koma labarin tsadar atamfa, sau da yawa a cikin wannan sakin hanyar ake samun abin da ake nema. Kuma kowa ka same shi shi kaɗai, in ka tara su wuri guda babban cikinsu ne zai yi magana sauran su ce haka ne.

In ka dawo gida a daren ka tura muryar wani wuri, imel ko wayar matarka, ka rubuta wa ya faɗa da ranar da ya faɗa. Wayar Legas ba ta da tabbas, a danfo ɗaya za a raba ka da ita.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi ba ni wahala. Mu dai Baba Mai Goro muka san kakanmu da shi. Na ce Hajiya menene sunansa na yanka, ta harare ni ta ce kai tafi can mara kunya, sunan Malam zan kama? Alkunya ce, macen da ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin na ɗan fari, ba ta faɗin na suruki, ko shekara arba'in da rasuwarsu. Dabarar ita ce ka zagayo, ka ce a cikin jikoki wa aka yi wa takwara da shi, sai ta ce ai Abban gidan wane mai sunan Malam ne. Duk wani Abba ko Baffa ko Ummi ko Walida ko Inna da ke gidanku alama ce, suna ne aka ɓoye, ka bi shi za ka tarar da kaka a ƙarƙashi. Sannan ka san laƙabin da ke bin kowane suna, Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne, Shehu Usman ne, Sanda Umaru, Iro Ibrahim, Audu Abdullahi, Mamman Muhammadu, Maitama Yusufu, Binta Fatima, Dije Hadiza, Indo A'isha. In ba ka san wannan ba sai ka rubuta mutum ɗaya sau biyu ka ɗauka wa da ƙani ne, ni na yi. Wasu sunayen kuma labari suke ba ka a kyauta. Tanko ya biyo mata ne, ka nemi yayyensa mata. Kande ko Delu ta biyo maza. Gambo ya biyo tagwaye, ke nan akwai Hassan da Husaini ko Hassana da Usaina a gabansa ko da ba su rayu ba. Audi bai tarar da ubansa ba. Su Ɗanladi, Ɗanlami, Ɗanjuma, Talatu, Laraba, Asabe kuwa ranar haihuwa suke faɗa maka.

Ga kuma abin da Legas ta ƙara mana. Akawun da ya rubuta sunan kakanka a takarda galibi ba Bahaushe ba ne, yadda kunnensa ya ji ya rubuta, ko yadda Yarbawa ke faɗi. Ibrahim sai ya koma Braimah ko Buraimo, Abubakar ya koma Bakare, Ahmadu ya koma Amodu, Usman ya koma Sunmonu, Garba ya koma Garuba, Muhammadu ya koma Momodu ko Momo. A tsofaffin takardun Turawa ma kalmar Hausa kanta Houssa za ka gani. Sannan sunan mahaifi a matsayin suna na biyu ba tsohon abu ba ne a wajenmu, a makaranta da soja da wajen aiki sunan gari ake liƙa wa mutum, shi ya sa ka ji Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma ka yi hattara da wannan, mutumin da aka rubuta wane Kano a Ikko, wato Legas, ba lallai ɗan birni ba ne, yana iya zama daga wani ƙauye mai nisan tafiyar yini, Kano ce kawai akawun ya sani.

Shekaru kuma kar ka tambayi tsohuwa wace shekara, ka tambaye ta me ya faru a lokacin. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Annobar mura da tsofaffi ke ce wa marisuwa 1918 ce. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, Sarki Sanusi na ɗaya ya bar gadon a 1963. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945. Zuwan Sarauniya 1956, samun 'yancin kai 1960, kisan Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, kashe Murtala a nan Legas 13 ga Fabrairun 1976, bikin al'adu na Festak 1977, tashin bamabaman barikin Ikeja Janairun 2002. Hajiya ta ce min ba ta daɗe da tarewa ba aka yi ta hidimar zuwan Sarauniya, shikenan na samu shekarar aurenta ba tare da ta san lissafin boko ba. Ka riƙa rubuta "wajen shekara kaza", kar ka ƙirƙiro rana da wata don takarda ta yi kyau. Shekarun da ke jikin takardar aiki ma kar ka rantse a kansu, shekarun gwamnati ne, rabin iyayenmu a takarda 1 ga Janairu aka haife su.

Bayan baki sai akwati. Kusan kowane tsohon gida akwai wata adaka ko akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado da ba a buɗe ba tun ranar rabon gado, ka lallaɓa mai riƙe da makullin. Abin da kake nema, rasit ɗin haraji, katin aikin reluwe, littafin sallama daga soja, takardar fansho, tsohon fasfon Makka, yarjejeniyar sayen fili mai dangwalen yatsa, takardar rabon gado ta alƙali, wasiƙu, littafin bashi, da hotuna. Takardar gado in ka samu ka yi sa'a babba don magada ake jerawa da suna, mata da 'ya'ya. Yarjejeniyar fili kuma ka duba shaidu, galibi ɗan'uwa ne ko maigidan da ya sauke shi. Hoto ka juya bayansa, wani lokaci akwai hatimin mai hoto da gari. Komai ka ɗauke shi a waya gaba da baya, da rana a inuwa, kuma don Allah kar ka kai a yi masa laminetin, zafin injin na cinye tsohon tawada kuma ba ya ɓaruwa. Ka sa a ambulan, ka ɗaga daga ƙasa, ka san laimar Legas da ambaliya da gara.

Ni a namu ba akwatin ne ya fi amfani ba, gafakar Alƙur'anin kakana ce. Irin rubutun hannu ne mai warƙa-warƙa, a can ƙarshe akwai wata takarda da ta yi ja, ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami ɗaya bayan ɗaya, wasu an ja musu layi a gefe, waɗanda suka rasu suna ƙanana ke nan, mu ba mu ma taɓa jin sunansu ba. Ni ba na iya karanta ajamin da kyau, sai na kai wa wani tsohon malamin allo a unguwarmu ya sa tabarau ya karanta min. Shekarun na Hijira ne, lissafin kuma mai sauƙi ne, ka ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Mahaifina an rubuta Rajab 1371, lissafi ya ba ni ƙarshen 1951 a matsayin farkon shekarar, Rajab kuma wata na bakwai ne, ke nan 1952. A takardar aikinsa 1955 aka sa.

Yanzu sai ka tambayi kanka, me ya kawo kakana Ikko? Amsar ita za ta nuna maka inda za ka dosa. In soja ne ko ɗan sanda, wannan tsohuwar hanya ce ƙwarai, tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya haɗa rundunar Hausawa a Legas, da yawansu waɗanda suka kuɓuta daga bauta ne, kuma daga ita sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. A yaƙin duniya na biyu runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a ƙasar Bama (Burma) da ke Asiya, in naku ya tafi bai dawo ba ka duba shafin Commonwealth War Graves Commission, kyauta ne, akwai sunayen sojojin Najeriya da lambarsu da ranar rasuwa, amma sai ka gwada rubutun suna iri-iri kamar yadda na faɗa, kuma in kana da lambar sojansa ita ta fi suna amfani. In reluwe ne, layin Legas zuwa Ibadan an buɗe shi a 1901, daga 1912 kuma aka haɗe da Kano, hedikwatar reluwe tana nan Ebute Metta, tsofaffin 'yan fansho na reluwe kuwa sun san juna kamar me. In goro ne irin namu, da can fatake Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, suke zuwa da ayari ta ƙasa, daga baya aka koma ɗauko shi ta ruwa zuwa Legas a loda a jirgin ƙasa, Alhassan Ɗantata ma ya yi wannan fataucin, sannan da aka fara noman goron a ƙasar Yarbawa sai zango ya kafu a Agege da Shagamu da sauran garuruwan hanya. Harkar goro da ta shanu duk a kan maigida take, baƙo ba ya zuwa haka kawai, akwai gidan da yake sauka, a nan ake ɗaure masa huhu, a nan ake lamunce masa bashi, kuma yawanci mutumin garinsu ne. Ka gano a gidan wa kakanka ya fara sauka, ka je wajen jikokin gidan, rabin aikinka ya ƙare. Fadar Sarkin Hausawan unguwarku da tsohon limami da shugabannin kasuwa su ma ka je ka gaishe su, ka faɗi ɗan gidan wa ne kai, za a haɗa ka da wanda ya sani.

In kuma aka ce maka wani reshe ya ɓata, wurare biyu za ka fara zato. Wanda ya tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, da yawa a Sudan suka zauna, akwai ma gari sukutum Mai Wurno da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Sai Gana, zangon Kumasi da na Ankara, wasu sun dawo da aka kori baƙi a 1969 wasu suna can har yau.

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa shi ne kusan na ƙarshe, ba na farko ba. Manyan rassansa uku ne, Ibadan da Kaduna da Inugu. Na Ibadan yana cikin harabar jami'ar Ibadan, a nan takardun mulkin mallaka na Legas da Yamma suke, kuma yanzu da jirgin ƙasa sai ka hau a tashar Agege ka sauka Moniya, tashar Ibadan, ka je ka dawo. Na Kaduna shi ke riƙe da fayil-fayil na lardunan Arewa, a Kadunan kuma akwai Arewa House, a Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu. Ka tafi da katin shaida da ɗan kuɗin rajista da na fotokwafi, ka tambayi ƙa'idarsu kafin ka ɗaga waya. Amma in gaya maka gaskiya, in kakanka ba hakimi ba ne ko dagaci ko ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya, ko wanda ya yi shari'a ko ya rubuta koke, da wuya ka ga sunansa. Abin da za ka samu shi ne duniyar da ya rayu a ciki, rahoton da Di'o, wato Baturen mulki na yanki, ya rubuta a kan gundumarku lokacin ƙiyasta haraji, sunayen ƙauyuka da dagatai, su waye mazauna wurin, daga ina suka zo, me suke nomawa, wace sana'a suke yi. Kar ka je ka ce ina neman kakana, ka je da sunan lardi da gunduma da ƙauye da kimanin shekara. Shi ya sa na ce sai ka gama da tsofaffi tukuna.

Daga nan sai tafiya gida, wannan kam ba a aike. Hajiya ce ta ba ni sunan ƙauyen a ƙasar Bichi, wani tsoho a kasuwar goro ya maimaita min shi ba tare da na faɗa masa ba, sai na yarda na shirya. Ka bi ta hannun mai unguwa, shi zai kai ka wajen dagaci, ka gaida liman, ka nemi gidan wanzamai don su suka yi askin suna da kaciya da tsagen kowane gida. Ka tafi da tsaraba da hoton kakanka in akwai, tsagen fuskarsa kaɗai na iya sa wani tsoho ya ce wannan ai na gidan wane ne. Abu mafi muhimmanci, tun a gaisuwar farko ka faɗa da bakinka cewa ba gona ka zo nema ba, ba gado ba, zumunci ne kawai. Ni ban faɗa ba, yini guda kowa na tambaya sai ya ce bai san shi ba, ashe an ga ɗan Legas da littafi da biro an ɗauka filin kakansa ya zo karɓa. Sai da liman ya ja ni gefe bayan magariba ya tambaye ni a hankali, na rantse masa, washegari aka kai ni wani gida wata tsohuwa ta kalle ni ta fashe da kuka ta ce kunnuwan gidansu ne. Kuma kar ka ba su amsa a baki, kar ka ce "ko ubansa wane ne?" don za a ce maka eh don a faranta maka. Ka bari su faɗa, kai ka gwada da abin da ke littafinka.

Wajen zanawa, ka manta da irin bishiyar nan ta Turawa mai miji ɗaya mata ɗaya, ba za ta ɗauke mu ba. Ka sayi babban kwali ka bi ɗaki-ɗaki. Maigida a sama, kowace mata da layinta har waɗanda suka fita, 'ya'yan kowane ɗaki a ƙarƙashin uwarsu bi da bi har da waɗanda suka rasu. Matar da ta yi aure uku ka rubuta duka ukun, don 'ya'yanta na can gidan 'yan'uwan iyayenka ne. Agola da ɗan riƙo ka sa su a inda suka tashi amma da wani launin biro, ka rubuta ubansu na gaskiya, Alƙur'ani ma a Suratul Ahzab cewa ya yi a kira su da ubanninsu. Shayarwa ita ma ka rubuta, tana hana aure, kuma tsofaffin da suka sani in sun tafi shikenan. A gefen kowane suna ka sa wa ya gaya maka. In mutum biyu suka saɓa ka rubuta duka biyun ka bar su haka, kar ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi.

Don akwai wannan jarabar. Kowa so yake a ce kakansa jinin sarauta ne ko daga Gabas ya zo, ba mai son ya ji majemi ne ko mahauci ko bawa. Toh mai tone-tone sai ya shirya, za ka iya tarar da bauta, ko ɗan da aka haifa ba aure, ko wanda ya yi gidan yari, ko wanda ya gudo Ikko saboda bashi ko haraji. Ni littafi biyu gare ni, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya nawa ni kaɗai. Abin da tsohuwa ta gaya maka ta rage murya, ba na zauren WhatsApp na dangi ba ne, kuma duk abin da ya shafi mai rai sai da izininsa. Gwajin DNA da ake ta tallatawa ma ka yi tunani kafin ka tofa yawu a kwalba, ba zai gaya maka sunan kakanka ko ƙauyensa ba, yanki kawai zai nuna maka, amma yana iya tono maka abin da zai raba gida.

Zauren WhatsApp ɗin dai yana da ranarsa. Na ɗauki hoton kwalin na tura, cikin kwana biyu aka yi min gyara ya fi ashirin, wata a Shagamu ta ce na manta uwarta, wani a Kumasi da ban taɓa sani ba aka sa shi a zauren ya turo murya yana Hausarsa ta zango. Ɗan yayana kuma ya samu takardarsa, dagacin da kansa ya sa hannu.

Abin da ya rage min yanzu hoto ne guda daga akwatin. Kakana na zaune a kujera da babbar riga, huhun goro biyu a gefensa, a bayansa wani mutum a tsaye dogo mai tsagen Gobirawa ya dafa kafaɗarsa. Hajiya ta ce ta san fuskar, yana zuwa duk shekara bayan babbar salla ya kwana uku, Malam da kansa yake kai masa abinci ba ya aiken yara, amma ba ta taɓa jin an kama sunansa ba. Na nuna a kasuwar goro, na nuna a fada, ba wanda ya gane shi. An ce min akwai wani tsoho a Alaba Rago ɗan ƙasar Gobir da ya haura tamanin kuma ya yi harkar goro a Agege yana saurayi, na sa an wanke min hoton babba saboda idonsa, ranar Lahadi zan bi motar asuba kafin hanya ta cushe.